Neman Ilmin Ginin Ƙasa a Faransa

Birnin Girenobul yana kudu maso gabashin Faransa, a wani kwari mai faɗi inda kogin Drac ya zuba cikin kogin Isère, kuma jerin duwatsu uku, wato Chartreuse da Vercors da Belledonne, sun yi masa ƙawanya, har ma a ƙarshen bazara, lokacin da na isa, ana hango sauran ƙanƙara fari fat a kan ƙololuwarsu. Daga Faris zuwa can tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa mai gudu. Abin da ya kai ni shi ne wani gajeren kwas da aka tara masa masu zanen gine-gine da injiniyoyi da magina daga ƙasashe dabam-dabam, domin su yi nazarin gini da ƙasa, wato irin wannan ƙasa da muke takawa, a hannun malaman wata cibiyar bincike mai suna CRAterre, wadda aka kafa a shekarar 1979, take kuma zaune a cikin makarantar koyon zanen gine-gine ta birnin. Da na shaida wa 'yan'uwa a gida inda za ni da abin da za ni nema, akwai wanda ya tambaye ni da zuciya ɗaya, ya ce ashe ginin ƙasa ma sai an tsallaka bahar ake koyonsa, alhali ga Gidan Makama nan tsaye a Kano, ga ganuwa, ga zaurukan unguwanni? Tambayar tana da nauyi, kuma da ita na shiga jirgi.

Kafin a fara karatu na zaga garin, sai na tarar da wani al'amari wanda ya cancanci a yi masa tadabburi, domin wannan birni da ya zama alƙiblar masu ginin ƙasa a zamanin nan, shi ne kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka haifi siminti. Louis Vicat, wanda ya bayyana usulin haɗa siminti a shekarar 1817, a nan ya tashi. Ɗansa Joseph kuma ya kafa masana'anta kusa da garin a 1853. A cikin lambun itatuwa na birnin har yanzu akwai wata 'yar gada ta kankare da uban da ɗan suka zuba a 1855, ana tsallaka ta da ƙafa. Haka nan a wani filin shaƙatawa akwai hasumiyar da Auguste Perret ya gina da kankare da rodi a 1925, doguwa siririya, wadda a zamaninta aka ɗauke ta a matsayin bushara da sabuwar duniya. Ban faɗi wannan don in aibata siminti ba, gama wanda ya taɓa tsallaka gadar Neja ko ya sha ruwan dam ɗin Tiga ba shi da bakin raina shi. Na faɗa ne domin mai karatu ya san cewa mutanen da suka koya mana ba jahilan kankare ba ne. A cikinsa aka haife su, sun san ƙarfinsa, sun kuma san abin da yake ci, tun da masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, wadda ayyukan ɗan'adam ke fitarwa, daga masana'antun siminti take tashi.

Yawancin darussan ba a cikin aji aka yi su ba. Akan kwashe mu zuwa Villefontaine, wani gari da ke kan hanyar Liyon, inda aka gina wata babbar rumfa mai kama da masana'anta domin ɗalibai su riƙa gwada gini da girmansa na haƙiƙa, ba a takarda kawai ba. A nan na ga ma'abota digiri, maza da mata, daga Maroko da Feru da Iran da Indiya da Burkina Faso, sun tuɓe rigunan ofis sun shiga kwaɓa har gwiwar hannu. A cikinmu akwai wani bawan Allah daga jihar Tawa ta Nijar, wanda tun ranar farko da ya ji na yi sallama da Hausa ya riƙe hannuna bai saki ba sai da muka gama gaisuwa har ta iyali da damina. Shi ya zama tafintana duk sa'ad da malami ya bar Ingilishi ya koma Faransanci, kuma tare muke neman lokutan salla, waɗanda a wannan yanayi sukan rikita baƙo, saboda rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ga alfijir kuma yana ketowa tun mutum bai ƙoshi da barci ba.

Darasin farko shi ne sanin zatin ƙasar kanta, kuma shi ne ya fi kowane zama a zuciyata. Malamin ya ɗebo ƙasa cikin kwano, ya tankaɗe ta da rariya iri-iri, ya ware mana tsakuwa gefe guda, yashi gefe guda, sai wata ƙura mai laushi, daga ƙarshe kuma yumɓu, wanda ƙwayoyinsa ba su kai kashi 2 cikin 1000 na milimita ba, kuma siffarsu fale-fale ce, ba dunƙulalliya ba. Ya nuna mana cewa idan ka cika mudu da tsakuwa, ka kawo mudun yashi ka zuba a kai, ba za ka sami mudu biyu ba, domin yashin yana shiga cikin ramukan da ke tsakanin tsakuwar. Haka ƙura take cika ramukan yashi, yumɓu kuma ya cika na ƙura, har ya zama ƙarfin bango yana zuwa ne daga cikar wannan tsari, kowace ƙwaya ta sami maƙwabciyar da za ta jingina da ita. Sa'an nan ya zo kan mas'alar da ban taɓa jin an bayyana ta haka ba, ya ce abin da ke riƙe da bangon ƙasa ba yumɓu ba ne shi kaɗai, ruwa ne, wato wani ɗan danshi siriri ƙwarai da ke maƙale tsakanin faifan yumɓu yana jan su zuwa ga juna, wanda ko a tsakiyar bazarar Agadas ba ya ƙafewa ƙaf. Ruwan da yawansa ke narkar da bango, kaɗan ɗinsa ne ke tsayar da shi. Na daɗe ina jujjuya wannan magana, ina tuna cewa daga yumɓu Mahalicci ya fari halittar Annabi Adamu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na kuma ji cewa lalle abin da aka girmama da wannan daraja bai kamata a mai da shi alamar talauci ba.

Bayan wannan sai aka sa mu wani gwaji da ake jingina shi ga wani malamin cibiyar ɗan ƙasar Feru, Wilfredo Carazas. Akan ɗauki ƙasa iri ɗaya a shirya ta a hali biyar, daga busasshiya, zuwa mai ɗan danshi, zuwa mai laushin da za a iya murzawa, zuwa mai kauri, har zuwa mai gudana. Kowane hali kuma a zuba shi cikin ƙaramin akwatin katako ta hanya uku, ko dai a zuba kurum, ko a danna da hannu, ko a kirɓa da ƙarfi. Idan aka cire akwatunan aka jera su a ƙasa sai ka ga dunƙule goma sha biyar, wani ya tsaya cak, wani ya zube, wani ya baje, kuma a cikin wannan jeri ɗaya mutum zai ga asalin dukan hanyoyin ginin ƙasa da ke duniya. Ni da abokina na Tawa muka nuna dunƙulen da ke tsakiya, muka ce wannan ita ce kwaɓar tubali. Wata baiwar Allah daga Feru ta nuna na kusa da shi ta ce shi ne bulon da suke zubawa a ƙalibi su shanya. Ɗan Maroko kuwa ya dafa na gefen danshi, wanda aka kirɓa, ya ce da shi aka gina ganuwar Marrakish.

Wannan na ƙarshe shi ne ginin mutanen wannan yanki na Faransa, suna ce da shi pisé, ni kuwa zan kira shi bangon daɓe, gama aikinsa aikin daɓe ne, sai dai a tsaye yake hawa. Akan kafa allunan katako biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu kamar rabin mita, a ɗaure su gam, a zuba ƙasa mai ɗan danshi wadda ba a kwaɓa ba, a shiga ciki a yi ta kirɓa da taɓarya mai faɗin kai har sautin ya sauya daga dum-dum ya koma ƙal-ƙal, sa'an nan a ƙara wani zubi, a sake kirɓawa. Da allunan sun cika sai a kwance su nan take a matsa gaba, bangon kuwa ya tsaya da kansa ba tare da jiran bushewa ba. Muna cikin wannan aiki, gumi yana zuba, sai ɗan Marokon nan ya tunatar da ni cewa Ibn Khaldun ya siffanta shi a cikin Muƙaddima, a fasalin sana'ar gini, tun a ƙarni na 14, da allunansa biyu da kirɓarsa, ba abin da ya bari. Na yi murna da wannan tunatarwa, domin littafin yana cikin ɗakunan karatun malamanmu, amma masu zanen gini a cikinmu ba safai suke buɗe shi ba.

An kuma fita da mu ƙauyukan arewacin lardin Isère, inda gidajen gona da rumbuna da makarantu har da majami'u na bangon daɓe suke tsaye, wasu sun haura shekara 200, launinsu ja-ja irin na birjin Kano. Kowanne an ɗora shi bisa tushe na duwatsun kogi da aka jera da farar ƙasa har kusan ƙugu, an kuma yi masa rufi mai faɗin baki wanda ke tunkuɗa ruwan sama nesa da bango. Maginansu suna da wata magana da suke maimaitawa, cewa gidan ƙasa ba ya roƙon kome sai takalmi nagari da malafa tagari. A nan ne kuma aka nuna mana ciwon da ya fi kashe waɗannan gidaje, wanda na san shi tun daga gida: mai gida ya so ya kyautata wa bangonsa, ya shafe shi da siminti, sai danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya taru a bayan shafen, ya jiƙa gindin bango a ɓoye shekara da shekaru, har ranar da shafen zai ɓare ya faɗo da rabin bangon tare da shi. Duk wanda ya bi lungunan cikin birni a Kano ko Katsina ko Zariya bayan ruwan Agusta ya ga irin wannan, sai dai mu mukan ɗora laifin a kan ƙasar.

Tarihin yadda wannan sana'a ta mutu a Faransa, da yadda aka tayar da ita, shi ne ya ba ni amsar tambayar da na taho da ita. A ƙarshen ƙarni na 18 wani magini ɗan Liyon, François Cointeraux, ya wallafa littattafai a kan bangon daɓe, aka fassara su zuwa Jamusanci da Ingilishi, aka yi gini da su har a Amurka. Amma a 1856 kogunan Liyon suka yi ambaliya, gidajen ƙasa da yawa da ke kwari suka narke, hukuma ta hana yin irin ginin a birnin. Daga baya yaƙe-yaƙen duniya biyu suka cinye magina, kankare ya maye gurbi, har aka kai ga zamanin da jikokin waɗanda suka gina gidajen suna kwana a cikinsu ba su san da me aka yi su ba. Sa'ad da tsadar man fetur ta shekarar 1973 ta sa matasa suka fara neman kayan gini mai arha, sai wasu ɗalibai a Girenobul suka waiwayi bangayen ƙauyukansu, suka tarar da isnadin ya yanke, ko ya kusa yankewa; dole suka koma suna tambayar 'yan tsofaffin da suka rage, suna karanta tsofaffin littattafai, suna auna bango, suna niƙa ƙasa a ɗakin gwaji, har suka sake haɗa ilmin daga tushe. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai Patrice Doat da Hugo Houben da Hubert Guillaud, kuma biyun ƙarshe sun fitar da babban littafinsu na fannin a 1989. Don su kafa hujja a aikace, aka gina wata unguwa a Villefontaine mai gidaje 65, duk na ƙasa, aka buɗe ta a 1985. Mun shiga cikinta, mun ga yara suna wasa a ƙofar gidaje, mutane na zaune abinsu bayan shekaru kusan arba'in na ruwa da ƙanƙara.

To, mu namu isnadin bai yanke ba tukuna, kuma a nan bambancin yake. Har yau akwai Sarkin Magina a biranenmu, akwai dattawan da za su ɗebi ƙasa su murza a tafin hannu, su sunsuna, su gaya maka ko ta tubali ce ko ta yaɓe, wanda shi ne ainihin abin da aka koya mana a Villefontaine da sunan gwajin fili. Da aka ba kowane ɗalibi dama ya gabatar da ginin ƙasarsu, na yi musu bayanin tubali, yadda ake mulmula shi da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera shi tsinin yana duban sama a cike tsakani da kwaɓa. Na faɗa musu yadda ake tsaga giginya a fitar da azara, wadda gara ba ta cika ci ba, a binne ta cikin laka ana ɗaure wata bisa wata tana miƙowa kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama su zama bakan gizo, a ɗora tulluwa a kai. Na nuna musu hotunan masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wani injiniya Bafaranshe ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce wannan ai gini ne mai rodi, sai dai rodinsa itace ne, ya kuma tambaye ni nawa ne nauyin da azara ɗaya ke ɗauka kafin ta karye, kuma a wane littafi zai sami lissafin. Maginanmu sun san iyakar tsawon da azara za ta ratsa ba tare da tallafi ba, sun san shi sani na yaƙini, amma a ƙirazansu yake, ba a rubuce ba, kuma ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini ba ya karanta ƙirji.

Na kuma gaya musu abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da wani sashe na wannan masallaci ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Na faɗa ne domin ban so a ɗauki ginin ƙasa abin sha'awar baƙi kawai ba. Mutumin da ya rushe soron ubansa ya sa bulo da kwano ba wawa ba ne: ya gaji da yaɓe kowace shekara, ya ga kududdufin unguwa da ake ɗibar ƙasa an cike shi an yanka filaye, giginya ta yi nisa ta yi tsada, ya kuma kwana yana sauraron ruwa a daren damina yana tsoron rufi a kan 'ya'yansa. Wanda zai kira shi ya dawo ga ƙasa wajibi ne ya zo masa da amsar waɗannan duka, ba da yabon kakanni kaɗai ba.

A kan wannan ne muka yi muhawara mafi zafi, wato ko ya halatta a zuba siminti kaɗan a cikin ƙasa. Akwai wata na'urar hannu da wani injiniya, Raúl Ramírez, ya ƙirƙira a Kolombiya a shekarun 1950, wadda ke matse ƙasa mai danshi ta fito da bulo mai kusurwa sosai, kuma yawancin masu aiki da ita sukan ƙara siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 domin ya jure ruwa. Da irin wannan bulo Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, shi ne kuwa ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022. Da irinsa kuma Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Abokina ya san wurin, ya kuma ba mu labarin Alhaji Falke Barmu, maginin da ya yi masallacin Yama, wanda ya sami lambar Aga Khan a 1986 ba tare da ya taɓa zama a ajin zane ba. Wasu malaman suna ganin ƙasar da aka sa wa siminti ta rasa babbar falalarta, wato a rushe ta a sake kwaɓawa ko a mai da ita gona. Ɗaliban ƙasashen damina kuwa suka ce wanda bai ga ruwa da iskar gabas suna dukan bango a kwance ba, ba zai gane larurar ba. Ra'ayina ya fi karkata ga na biyu a wajen gindin bango da fuskar gabas, amma na ce kafin mu miƙa hannu ga buhun siminti akwai haƙƙin makuba a kanmu, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara, waɗanda suka tsare sorayen sarakuna daga ruwa tun kafin a san Vicat. Malamar da ke kula da ɗakin gwaji ta rubuta sunayen a littafinta harafi-harafi, ta roƙe ni in aiko mata da samfuri.

A hanyar komowa na tsaya a Liyon, na je sabuwar unguwar da ke mahaɗar kogin Rhône da Saône, na ga wani ginin ofisoshi mai hawa wanda bangon daɓe ne ke ɗauke da shi, da manyan bakuna a fuskarsa, a birnin da aka taɓa haramta irinsa. An ba shi izini ne bayan injiniyoyi sun gwada ƙasar, sun lissafa nauyi, sun rubuta, sun sa hannu.

Da na dawo gida na huta gajiya, sai na tafi gaida wani dattijon magini da mahaifina ya sani, na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne a ba ni karatu." Ya ce, "Kai da ka je Turai, wane karatu kuma ya rage?" Na ba shi labarin dunƙule goma sha biyar, da injiniyan da ya tambayi nauyin azara, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya aiki jikansa ya ɗebo ƙasa iri uku daga bayan gida, ya sa na murza kowace, ya tambaye ni wacce zan yi tubali da ita. Tun daga ranar nakan je wurinsa kowace Asabar da ma'auni da rariya da littafi. Shi yana faɗin kwando nawa na birji, dami nawa na ciyawa, kwana nawa kwaɓa za ta kwanta kafin a taɓa ta, ni kuma ina aunawa ina rubutawa, da Hausa a shafin dama, da lissafi a shafin hagu, da sunansa da na wanda ya koya masa a saman kowane babi. Mun gama babin tubali da na yaɓe, yanzu muna kan azara, kuma wani abokina injiniya ya yarda zai karya mana guda goma a na'urarsa domin mu san nauyin da kowace ke ɗauka.